Jirgin Alhazai da Ya Faɗi a Jidda

A zamanin da mutanen Bakori ke zuwa Makka a ƙasa, mai niyya sai ya yafe wa kowa, kowa ya yafe masa, domin ba a sa ran ganinsa nan kusa. Hanyar ta bi Kano, Maiduguri, Fort Lami da Abeshe, har El-Obeid inda ake samun jirgin ƙasa. Manomin auduga daga ƙasar Funtuwa ba ya rasa abin yi a Sudan. Gonakin Jazira, da aka buɗe a 1925, kullum suna neman masu cirar auduga, sai ya zauna yana tara kuɗin tsallake Bahar Maliya. Mai takarda ya bi ta Sawakin, a killace shi, sannan ya hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Marar takarda kuwa sai kwalekwale cikin dare. In ya kife, shi ke nan. Babu jakadan da zai bi sawu, babu jerin sunaye. A gida sai a yi ta jira, har mace ta shiga takaba a kan labarin wani matafiyi.

Wannan ne ya sa nake ɗaukar abin da ya biyo bayan 11 ga Yuli, 1991 da muhimmanci. Da safiyar ranar jirgin sama ƙirar DC-8 ya tashi daga Jidda zai nufi Sakkwato, ɗauke da alhazai masu komawa gida. Jirgin na kamfanin Nationair ne na Kanada, Nigeria Airways ya ɗauko shi haya. Tun yana gudu a ƙasa tayoyi biyu suka fashe suka kama da wuta, aka naɗe su cikin cikin jirgin ba a sani ba. Matuƙan suka juyo za su sauka, amma wutar ta riga ta ci ƙarfin jirgin, ya faɗi kafin ya kai. Mutum 261, fasinja 247 da ma'aikata 14, babu wanda ya tsira. Allah ya jiƙan su.

Gawa a Saudiyya, iyalai a Najeriya, mai jirgi da takardun gyaransa a Kanada. Da kowace ƙasa ta riƙe nata, da har yau ana cewa "hatsari ne kawai". Amma ƙa'idojin da suka samo asali daga yarjejeniyar Chicago ta 1944 sun ce ƙasar da abin ya faru ita ke jagorantar bincike, ƙasar da aka yi wa jirgin rajista ta turo masananta. Haka aka yi, Kanadawa suka zo suka yi aiki da Saudawa. Abin da suka tono mai ciwo ne: wasu daga cikin tayoyin jirgin ba su da isasshiyar iska, makanikai sun san da haka, an nemi a ƙara, aka ƙi jira don kada a makara, an kuma taɓa alƙaluman da ke rubuce. Duk direban da ke lodin masara daga kasuwar Bakori ya san abin da taya mai ƙarancin iska ke yi a ƙarƙashin kaya cikin zafin rana.

Nationair ya durƙushe a 1993, Nigeria Airways ya bi shi a 2003. Yanzu Hukumar Alhazai ta Ƙasa, da aka kafa a 2006, ke tantance kamfanonin jigila. Duk shekarar da ta fitar da sunayensu, abin da nake fara nema shi ne a wace ƙasa aka yi wa jirgin rajista, kuma wa ke duba gyaransa.