Abin da Askar Wanzami Ba Ta Kai Gare Shi Ba

Tun kafin a san asibiti a Gusau, wanzami ne ke fara leƙa bakin jariri. A Tsafe da Bungudu, kamar sauran ƙasar Zamfara, yakan zo da zabirarsa cikin makon haihuwa ya cire belu, ranar suna ya yi aski. Sana'a ce ta gado, har da sarautarta ta Sarkin Aska. Sai dai iliminta ya ginu ne kan abin da ake ganin ya yi wa jiki yawa: belu a yanke, mataccen jini a zuƙe da ƙaho, kumburi a yi masa sakiya. Abin da aka haifi yaro babu shi kuwa, wannan ilimi bai tanadar masa komai ba.

Misali, manyan gaɓoɓin da ke samar da yawu shida ne, uku a kowane gefe: gaban kunne, ƙarƙashin muƙamuƙi da ƙarƙashin harshe. Akan haifi yaro babu wasunsu, ko da yake da wuya. Bakinsa ya bushe, haƙoransa su ruɓe da wuri, loma ta ƙi wucewa sai da ruwa, wani ma har hawaye ya rasa. Ba wanzami kaɗai abin ya shige wa duhu ba. A Turai, a 1656 Thomas Wharton ya bayyana hanyar yawun ƙarƙashin muƙamuƙi, sai kuma a 2005 aka danganta nau'in larurar da ake gado da ƙwayar halitta FGF10. Yau likita kan nemi ƙofar yawu a cikin kunci, daura da turamen haƙoran sama, sannan hoton sikanin ya tabbatar ko gaɓar na nan.

Wani zai ce larurar da ba kasafai ake gani ba, me ya kawo ta gaban zazzaɓin cizon sauro? Yana da hujja. Amma idan gefe ɗaya babu, ɗayan na iya ƙara girma don cike gurbi, a ɗauka hangum ne ko ƙari. Jijiyar da ke motsa fuska ta cikin gaɓar gaban kunne ta ratsa, sakiya a nan na iya karkatar da bakin yaro har abada. Tun da har gobe uwa kan fara kai kumburi ga wanzami kafin Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, shi ya fi cancanta a koya wa irin kumburin da ba a sa wa aska.