Yadda Ake Auna Daɗin Sawa a Kayan Wasanni da Tufafin Kariya

Daɗin da tufa ke yi wa jiki abu ne da masana harkar saƙa ke aunawa da na'ura, su kuma ba shi lamba, kamar yadda ake auna tsawo ko nauyi. Mafi muhimmancin abin da suke dubawa shi ne yadda yadi ke barin zafin jiki da tururin gumi su fita, domin bushewar gumi ce babbar hanyar da jiki ke sanyaya kansa a lokacin wasa ko aiki mai wuya. Idan tufa ta tare wannan tururi, zafin jiki yakan hau, ƙarfi ya ragu, wani lokaci har mutum ya suma.

Ma'auni na farko shi ne na riƙe ɗumi, wanda ake kira clo. Masana uku, Gagge da Burton da Bazett, suka gabatar da shi a shekarar 1941. Clo ɗaya shi ne ɗumin tufafin da zai ishi mutumin da ke zaune a ɗaki mai sanyin digiri 21, wato kwatankwacin cikakkiyar shigar kwat da wando. A farkon shekarun 1940 kuma rundunar sojan Amurka ta fara amfani da mutum-mutumin jan ƙarfe, wanda ake ɗumamawa da lantarki, a sa masa tufafi, a ga yawan zafin da ke tserewa.

Ma'auni na biyu shi ne na fitar tururin gumi, ana kiransa Ret. Cibiyar Hohenstein ta ƙasar Jamus, wadda aka kafa a 1946, ta yi fice wajen na'urar da ke wannan gwaji, kuma ƙa'idar ISO 11092 ta ƙasa da ƙasa ce ta tsara yadda ake yin sa. Na'urar faranti ne na ƙarfe mai ƙananan ramuka, ana ɗumama shi zuwa digiri 35, daidai da fatar mutum, ruwa na tasowa ta cikinsa kamar gumi. Sai a shimfiɗa yadin a kai, a lissafa yadda yake tare tururin. A nan ƙaramar lamba ce ta fi: ƙasa da 6 yadi ne mai fitar da tururi sosai, 6 zuwa 13 mai kyau ne, 13 zuwa 20 ba laifi, abin da ya haura 20 kuwa yakan takura wa mai aiki.

Akwai kuma batun tsotse ruwa da saurin bushewa. Auduga tana shan damshin da ya kai kusan kashi 8 cikin ɗari na nauyinta, alhali zaren roba na foliyesta bai kai kashi ɗaya ba. Saboda haka rigar auduga tana da daɗi ga mai zama, amma idan ta jiƙe sharkaf sai ta yi nauyi ta manne a jiki. Rigunan 'yan ƙwallo na zamani galibi foliyesta ne da aka saƙa ta yadda zai janye gumi daga fata ya baza shi a waje ya bushe. Ba kowace rigar roba ce ke da wannan saƙa ba. Laushi da kaushi ma suna da nasu na'urorin, waɗanda Sueo Kawabata na Jami'ar Kiyoto a Japan ya ƙirƙira a shekarun 1970 don auna lanƙwasuwa da miƙewa da santsin yadi.

Wahalar ta fi tsanani a tufafin kariya, domin abin da ke hana wuta ko ruwa ko ƙwayar cuta shiga shi ne yake hana gumi fita. An ga haka ƙarara lokacin annobar Ebola ta 2014 a Gini da Laberiya da Saliyo, inda ma'aikatan jinya ba sa iya wuce kimanin sa'a guda cikin rigar kariya saboda zafi. Don haka ne ƙa'idar Turai ta EN 469, ta kayan 'yan kwana-kwana, ta sa fitar tururin gumi cikin sharuɗɗanta, ba juriyar wuta kaɗai ba.

Ga ɗan kasuwa mai saro kayan wasanni, ko jami'in da ke sayo wa ma'aikata kayan aiki a ƙasa mai zafi, abin nema a wurin mai kaya shi ne takardar gwaji mai ɗauke da lambar Ret da sunan ƙa'idar da aka bi. Daga nan sai a ba wasu ma'aikata su gwada kayan a bakin aiki, domin rigar kariyar da zafi ya sa aka tuɓe ta ba ta kare kowa ba.