Emmanuel Mignot da Gano Tushen Narkolefsi

Idan barci yana yawan sace ka da rana ko da ka kwana lafiya, ko gwiwoyinka suna saki yayin dariya, kada ka ɗauka lalaci ne. Wataƙila narkolefsi ce, wadda ta bambanta da cutar barci ta ƙudan tsando.

Farfesa Emmanuel Mignot na Jami'ar Stanford a Amurka yana cikin waɗanda suka gano tushenta. A 1999 tawagarsa ta gano ƙwayar gadon da ke haddasa ta a karnuka. A 2000 suka nuna yawancin masu ita da jikinsu ke saki suna da ƙarancin haifokiritin, sinadarin ƙwaƙwalwa mai riƙe mutum a farke.

Ba ta warkewa ɗungurungum, amma magani yana sauƙaƙa ta. Ka ga likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, kuma ka dakata da tuƙi har a duba ka.