Ciwon Saifa: Tarihin Dafin da Kakana Yake Tsoro

Yau da dokar kakana zan fara. Ina yaro a Yauri, in saniya ta faɗi farat ɗaya, baƙin jini na fita ta hanci bai daskarewa, to ko an samu an sa mata wuƙa kafin rai ya fita, ba a feɗe ta. Sai ya ce, "Saifa ce, ku haƙa rami." Mu dai haushin asarar nama muke ji.

Cutar ce Turawa ke kira antiraks. Makiyaya sun sa mata sunan saifa ne don saifar dabbar kan kumbura ta yi baƙi. A 1876 Robert Koch na Jamus ya tabbatar wata ƙwayar cuta ce ke kawo ta. A 1881 Louis Pasteur ya gwada rigakafinta kan tumaki a Faransa. Amma ta yaya take kisa? Wannan sai a 1954, lokacin da Harry Smith da abokin aikinsa a Ingila suka gano dafi ne take zubawa cikin jini.

Dafin nan kashi uku ne, kamar ɓarayi uku. Na farko shi ke maƙalewa jikin ƙwayar halitta ya huda ƙofa. Na biyu in ya shiga sai ruwa ya taru, wurin ya kumbura. Na uku kuwa karya sojojin jiki yake yi, har jini ya kasa zagayawa. Kowanne shi kaɗai ba ya iya komai, sai sun haɗu. Shi ya sa jinkirin zuwa asibiti ke da haɗari: magani zai kashe ƙwayar, amma dafin da ta riga ta zuba yana nan yana ɓarna.

Abin mamaki, wancan mai buɗe ƙofar da shi ake haɗa allurar rigakafin mutane. A 2012 Amurka ta amince da wani magani da ke riƙe shi kafin ya buɗe. A 2021 kuma masu bincike a Harvard suka nuna wani ɓangaren dafin na kashe zafin ciwo a jikin ɓeraye. Har yanzu gwaji ne, haka ma ƙoƙarin juya shi kan ciwon daji.

To mu dawo gida. A watan Yulin 2023 cibiyar binciken dabbobi ta Vom ta tabbatar da cutar a wata gona a Suleja, jihar Neja. A farkon 2025 aka sanar da ita a Zamfara. Duk biyun maƙwabtan Kebbi ne, kuma shanu ba su san iyaka ba. Ƙwayar nan in ta sha iska takan rufe kanta da ɓawo, ta kwanta a ƙasa shekaru gommai. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ke hawa yana sauka a bakin tafki, da rani garken Ngaski da Shanga na bin ɗanyar ciyawar da ya bari. Irin wannan wuri, mushe ɗaya da aka feɗe na iya barin cuta ga jikokin garken.

Don Allah, a yi wa dabbobi rigakafi duk shekara. Wadda ta mutu haka kawai, kar a taɓa nama ko fata, a kira likitan dabbobi. Mahauci ko majemi da ya ga miki mai baƙin tsakiya marar zafi a hannu, ya tafi asibiti ranar.

Kakana bai taɓa jin sunan Koch ba, amma ramin da ya sa muka haƙa shi ne daidai. Allah Ya jiƙansa. Sai mun haɗu a shiri na gaba.