Wa Ke Riƙe Da Linzamin Dogo?

Dogo bai ratsa ƙasar Rano ba, bai kuwa ratsa Kibiya ba. In ya taso daga Zariya sai ya bi ta yamma da su, ya tsaya Ɗangora, ya tsaya Madobi, ya ƙetare kogin Calawa, sa'an nan ya shiga Kano. Amma duk da haka da wuya a sami gidan manomi a wannan ƙasa wanda jirgin bai taɓa arzikinsa ba. Akwai dattawa da yawa a Kibiya waɗanda har suka koma ga Allah ba su taɓa sa ƙafa cikin tarago ba, alhali kuwa kuɗin da suka biya haraji da shi, da wanda suka yi wa 'ya'yansu aure, jirgin nan ne ya kawo shi. Saboda haka ba shisshigi ba ne in mutumin Rano ya tambaya, tun da aka kafa wannan abu wane ne ke riƙe da shi, wane ne kuma ke duba mai riƙon.

Turawa sun ci Kano cikin 1903. Shekara huɗu bayan haka, watau 1907, aka kawo wani Gwamna Arewa mai suna Girouard, mutumin Kanada, injiniyan soja wanda ya riga ya yi suna wajen shimfiɗa dogo a Sudan. Shi aka ɗora wa aikin jawo hanya daga Baro, a bakin Kwara, zuwa Kano, tafiyar mil 356. Ba a ba wani kamfani kwangila ba, Ma'aikatar Ayyuka ta Gwamnatin Arewa ita ta yi da kanta, ƙarƙashin wani Bature Eaglesome, don a rage kuɗi. Hanyar rage kuɗin kuwa sananniya ce. Razdan ya gaya wa Sarki yawan mutanen da a ke bukata, Sarki ya gaya wa hakimi, hakimi ya gaya wa dagaci, dagaci ya shiga gida gida. Abin da a ke haƙa ƙasa da shi, diga, shi ya ba aikin suna, har Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi ya yi waƙa a kansa, wadda a ke kira Waƙar Diga. Ƙarfen ya iso Kano cikin watan Maris na 1911, zamanin Sarkin Kano Abbas, aka buɗe hanya ga 'yan kasuwa cikin 1912. A wannan shekara kuma aka gama ta da hanyar da ta taso daga Ikko, suka zama abu guda, sashe ɗaya cikin sassan Gwamnati.

Auduga Turawa suka sa rai za su kwasa, don masaƙun Ingila. Manoman Kano suka yi nasu lissafi. Auduga tana da masu saye a gida, masaƙa da marina, suna kuwa biya fiye da Bature. Gyaɗa ita ce in ta yi kuɗi a sayar, in ba ta yi ba a ci. Cikin 1912 gyaɗar da aka fitar daga Nijeriya ba ta kai tan 3,000 ba. Cikin 1913 ta haura tan 19,000. Tun daga nan, in kaka ta yi, sai ka ga jakuna jere daga ƙauyukan Rano da Kibiya da Bunkure, da mangala cike, sun nufi wurin awo. Daga baya motoci suka karɓi aikin jakunan.

To, ga abin da manomi bai gani a sikeli. Tsakanin Kano da Ikko wajen mil 700 ne. Mai sayen gyaɗa ya kan duba abin da za a ba shi a bakin teku, ya cire kuɗin dakon jirgi, ya cire kuɗin buhu da na mota da ribarsa, abin da ya rage shi ne farashin da ya ke faɗa wa manomi. Watau in an ƙara sule guda kan dakon tan a ofishin Ebute Metta, can Ikko, inda babban ofishin reluwe ya ke, a tukunyar mutumin Kibiya za a ji shi. Shi ne mai biya na ainihi, ko da ya ke ba a taɓa rubuta sunansa a rasit ba.

Daga 1912 zuwa 1955 shugaban reluwe ma'aikacin Gwamnati ne kamar sauran. Babban Manaja ya kan ba Gwamna lissafi, Gwamna ya ba Ofishin Mulkin Mallaka a London. A faɗi gaskiya, lissafin nan ba wasa a cikinsa: kowace shekara a kan buga rahoto, a nuna abin da ya shigo da abin da ya fita, a kuma ware kuɗin biyan bashin da aka ci don ginin hanya. Sai dai duk tambayar daga sama ta ke zuwa. Akwai Majalisar Dokoki a Ikko, amma har 1947 ba ɗan Arewa ko ɗaya da ke zaune cikinta don ya wakilci Arewa. Shekara 35 ke nan gyaɗar Kano tana riƙe da jirgi, ba wanda ya fito daga ƙasar gyaɗa da ke da bakin tambayar dalilin kuɗin dako. Har hanyoyin mota ma, Gwamnati ta fi son waɗanda za su kai kaya tasha bisa waɗanda za su yi gasa da dogo, gama ita ce mai jirgi, ita ce kuma mai yin doka.

Yaƙin Duniya na Biyu ya gajiyar da reluwe ƙwarai. Injuna suka tsufa, ba a sami sababbi ba. Cikin 1945 ma'aikata suka yi babban yajin aiki na fiye da kwana 40 kan tsadar rayuwa, 'yan reluwe ne a gaba, da shugabansu Michael Imoudu. Sa'an nan gyaɗa ta yi ta taruwa a Kano. Dalar gyaɗa da mu ke alfahari da ita a hoto, wadda a kan haɗa da sunan Alhaji Alhassan Ɗantata, dabara ce ta tara buhuna a fili don su jira jirgi. In dala ta kwana biyu ta tafi, alamar arziki ce. In ta shekara tana tsaye har sabuwar gyaɗa ta iske ta, to, alamar jirgi ya kāsa ce. Haka kuwa ya faru a shekarun bayan yaƙi: gyaɗar bara ta iske ta bana, ƙwari suka shiga buhuna suna ci. Wannan yana cikin abin da ya sa aka ce sashen Gwamnati ba zai iya da aikin kasuwanci ba, gama kafin a sayi inji guda sai takarda ta zaga ofis ofis.

Maganin da aka kawo shi ne dokar 1955, wadda ta kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya. Salon nan daga Ingila aka ɗauko shi, an kuwa riga an yi wa lantarki da kwal da tashoshin jiragen ruwa irinsa. Yana da kyau mai karatu ya fahimci bambancin. Sashen Gwamnati kamar ɗan gida ne wanda ba ya sayen ko allura sai ya tambayi maigida. Hukuma kuwa kamar wakili ne da maigida ya damƙa wa kanti, ya ce, ka saya, ka sayar, ka ɗauki yara, ƙarshen shekara ka kawo mini littafi. Aka yi abin hawa uku. Akwai Babban Manaja da ma'aikatansa masu tafiyar da jirgi. Bisansu akwai shugaban hukuma da 'yan hukuma masu tsara manufa. Bisa waɗannan kuma akwai Ministan Sufuri, shi kuma ya kai rahoto da lissafin shekara gaban Majalisar Wakilai, inda a wannan karo akwai 'yan Arewa zaune.

A takarda tsarin ya yi kyau. Amma akwai ɓaraka biyu tun ran farko. Ta fari, Gwamnati ce ke naɗa 'yan hukuma, ita ke tuɓe su, saboda haka wanda aka naɗa ya fi kula da fuskar wanda ya naɗa shi bisa littafin kanti. Ta biyu, an ce hukuma ta yi kasuwanci ta riƙe kanta, amma ba ta iya ƙara kuɗin dako ya wuce iyakar da Minista ya yarda, ba ta kuwa iya ƙin hanyar da Gwamnati ta ce a gina. In an yi hasara, hukuma ta ce Minista ne ya ɗaure mata hannu, Minista ya ce ai hukuma mai cin gashin kanta ce. Mai jaki ya ce ɗan dako ne, ɗan dako ya ce mai jaki ne, kaya kuwa suna ƙasa.

Shugaba na fari Bature ne, Sir Ralf Emerson, wanda ya yi aikin reluwe a Indiya, shi ne shugaban hukuma shi ne kuma Babban Manaja, watau mai riƙo da mai duba mutum guda. Cikin 1958 Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 28, rancensa na fari ga Nijeriya, aka soma jawo hanya zuwa Barno, ta isa Maiduguri cikin 1964. Tun kafin a kai can rigima ta tashi tsakanin ma'aikata da shugabanni, har cikin 1960 aka naɗa kwamitin bincike ƙarƙashin Dokta Taslim Elias, masanin shari'a. A wannan shekara aka ba Dokta Okechukwu Ikejiani shugabancin hukuma. Likita ne, jigo kuma a jam'iyyar NCNC, ya riƙe har 1966. Da soja suka karɓi mulki sai aka sake kafa wani zaman bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Adefarasin, don ya duba yadda aka tafiyar da hukumar, rahotonsa ya fito cikin 1967. Bincike biyu cikin shekara bakwai. Ni a ganina wannan ya isa shaida cewa dubawar yau da kullum, wadda 'yan hukuma da Majalisa ya kamata su yi, ba ta yiwuwa, gama gidan da a ke share shi kullum ba ya bukatar gayya.

Shekarar 1964 ita ce ƙololuwa. Jirgi ya ɗauki fasinja fiye da miliyan 11, da kaya kusan tan miliyan 3. Shekara 10 bayan haka, cikin 1974, fasinja sun koma miliyan 4 da 'yan kai, kaya kuwa tan miliyan 1 da kaɗan. Dalilan suna da yawa, ba kuwa duka ne laifin shugabanni ba. Rikicin 1966 ya sa ƙwararrun ma'aikata da yawa 'yan Gabas suka bar Arewa, yaƙin basasa ya datse hanyar Fatakwal har 1970. Fari ya zo a farkon shekarun 1970, cutar gyaɗa ta biyo cikin 1975, dala ta ɓace daga Kano. Kuɗin man fetur kuma aka zuba su a kwalta. A ƙasar Rano ma noma ya sāke: Gwamna Audu Baƙo ya gina madatsar Tiga, aka gama cikin 1974, ruwanta ya raya fadamun Kadawa da Kura da Bunkure. Tumatir ba ya jiran tarago kamar gyaɗa. Mota ce ke ɗaukarsa daga bakin gona, ta bi ta Karfi ta hau titin Zariya, kafin ya ruɓe ta kai shi kudu. Manomin da dā shi ke riƙe da jirgi ya daina bukatarsa, ya kuwa daina tambayar lafiyarsa.

Ga kuma wani abu. Daga 1966 zuwa 1979, da kuma daga ƙarshen 1983 zuwa 1999, in ban da ɗan taƙi, ba Majalisar da za a kai wa littafi. Hawa na uku ya rushe ɗungum. Abin da gwamnatoci suka riƙa yi shi ne neman hannu mai ƙarfi su ba shi linzami. Cikin 1979 aka ɗauko kamfanin RITES na Indiya ya riƙe har 1982. Jirage suka ɗan farfaɗo, da suka tafi aka koma gidan jiya. Cikin 1989 aka naɗa Samuel Ogbemudia shi kaɗai, ba 'yan hukuma. Cikin 1995 Janar Sani Abacha ya ba kamfanin CCECC na ƙasar Sin aikin gyara, na fiye da dala miliyan 500. Duk da haka jirgin fasinja tsakanin Ikko da Kano ya tsaya shekara da shekaru, sai cikin watan Disamba na 2012 aka sake tayar da shi.

An buɗe sabuwar hanya mai faɗi tsakanin Abuja da Kaduna cikin 2016, cikin 2021 kuma aka aza harsashin ta Kaduna zuwa Kano da ta Kano zuwa Maraɗi. Da bashi a ke yin yawancin waɗannan ayyuka, bashin kuwa daga baitulmalin ƙasa za a biya shi, har da rabon mutumin Kibiya a ciki, ko ya hau ko bai hau ba. Cikin watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan gyaran tsarin mulki wanda ya ba jihohi ikon gina nasu dogo, abin da dā na Gwamnatin Tarayya ne ita kaɗai. Jihar Kano dā ma tana da motocin haya nata, Kano Line, kuma duk hukumar sufuri da jiha ta kafa, ta mota ko ta jirgi, a gaban Majalisar Dokokin Jiha ya kamata a ga littafinta.

Tsarin mulki na 1999 ya shimfiɗa yadda a ke dubawa. Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya ba shi da kansa ke binciken littafin hukuma irin ta jiragen ƙasa ba. Ya kan ba ta jerin sunayen masu bincike ta zaɓa daga ciki, sa'an nan ya duba abin da suka rubuta ya yi sharhi, yana kuma da ikon leƙawa lokaci lokaci. Majalisa kuwa, bisa sashe na 88 da na 89, tana da ikon kiran kowane shugaban hukuma ya zo da takardunsa ya amsa tambaya, majalisun jihohi ma suna da irin wannan iko a sashe na 128 da na 129. Rano da Bunkure da Kibiya kujera ɗaya gare su a Majalisar Wakilai ta Tarayya, mai zama bisa kujerar nan kuwa kowace shekara a kan kawo gabansa kasafin kuɗin Ma'aikatar Sufuri, da na hukumar jiragen ƙasa a ciki, kafin a amince da shi.