Hoton "Jira Ka Karɓa": Yadda Aka Ɗauki Kakanninmu Kafin Zuwan Filas

Duk wanda ya taɓa riƙe takardar naira ashirin ya riƙe fuskar wata mata da ta yi suna a garin nan. Ladi Kwali ke nan, tana ginin tukunya. Tun daga 1954 da ta shiga makarantar ginin tukwane da Bature Michael Cardew ya buɗe a nan, lokacin garin yana amsa sunan Abuja, masu kyamara ba su daina bin ta ba har Allah ya yi mata rasuwa a 1984. Haka ma Sarki Sulaimanu Barau, wanda ya hau gadon sarauta a 1944, hotunansa suna nan. Manya dai ba sa rasa mai ɗaukarsu. To amma kakanninmu da suka zo garin nan da fatauci, da fawa, da dukanci, da almajiranci, da tuƙin mota fa? Akasarinsu, in ma an yi sa'a, hoto ɗaya tak suka bari: ɗan ƙarami, baƙi da fari, manne a fasfo ko lasin ko katin aiki. Yadda aka yi wannan ɗan hoto, da dalilin da ya sa fuskokinsu suka fito yadda suka fito, shi ne zancenmu a wannan fitowa.

A shekarun 1950 zuwa na 1970, kusan duk garin da ke da gidan waya ko kotu ko babbar tashar mota, za ka tarar da mai hoto a gindin bishiya da wani akwatin katako bisa ƙafa uku. Da yawansu Yarbawa ne da Inyamurai, domin su suka riga mu shiga sana'ar. Sunan da aka sa wa akwatin da Turancin kasuwa, ma'anarsa "jira ka karɓa", kuma sunan bai yi ƙarya ba. Kafin ka gama shan ruwan rake guda, hotonka yana hannunka, da sauran danshinsa.

Akwatin nan kyamara ne, kuma ɗakin wankin hoto ne a lokaci guda. Kafinta ma yana iya haɗa shi, idon gilashin kaɗai ake saye. A cikinsa akwai 'yan tasoshi biyu, ɗaya da maganin da ke fito da hoto, ɗaya da maganin da ke tsayar da shi, sai wani ɗan gwangwani da aka ɓoye takardun hoto don kada haske ya taɓa su. A jikin akwatin akwai rami da aka ɗinka wa baƙin ƙyalle kamar hannun riga. Ta nan mai hoto zai zura hannu, ya laluba ya ɗauko takarda, ya kafa ta a bayan idon, duk ba tare da ya gani ba. Babu abin dannawa. Murfin idon zai cire da hannu, ya ƙirga a zuci, ya mayar. Daga nan ya tsoma takardar a maganin farko, yana leƙe ta wata 'yar kafa, hasken da ke shiga kuwa ta jan gilashi yake bi.

Abin da ke fitowa da fari shi ne dodon hoto: fuskarka fara fat, farar rigarka baƙa wuluk, idanu kamar na aljani. Yara kan gudu in sun gani. Sai ya ɗauraye dodon a bokiti, ya manna shi a wani ɗan allo da ke gaban idon kyamarar, ya sake ɗaukar hoton dodon da wata takardar. Baƙi ya koma fari, fari ya koma baƙi, mutum ya dawo kamanninsa. Ka ga ke nan babu fim ko kaɗan a cikin aikin. Takarda ce ta haifi takarda.

Wannan dabara ta girmi Nijeriya nesa ba kusa ba. A 1839 aka bayyana wa duniya hoton Daguerre a Faransa, wanda ake yi a kan farantin ƙarfe mai ruwan azurfa, guda ɗaya tilo, ba a iya ninka shi. A Ingila kuwa, wani mai suna William Henry Fox Talbot ya bi ta hanyar takarda, ya yi rajistar dabararsa a 1841: a fara samun dodo, daga dodon a buga kwafi ko nawa ake so. Da aka fito da dodon gilashi a 1851, wanda ya fi fito da abu tsaf, sai manyan masu hoto suka yi watsi da na takarda. Da gilashi Solomon Alonge ya yi aiki a Benin, inda ya buɗe shagonsa a 1942 yana ɗaukar fadar Oba da manyan gari. Seydou Keita na Bamako shi ma babbar kyamara ya riƙe tun daga 1948, mai dodo santimita 13 da 18. Amma gilashi da fim kayan masu hali ne. Takarda ita ce mai araha, ga ta ba ta tsoron jan haske, saboda haka ita ta dawo ta zama abincin mai hoton bakin titi, daga Kabul ta Afganistan har zuwa Korhogo ta Kwaddibuwa, har zuwa nan.

Sai dai araha ba ta ado. Takardar hoto malalaciya ce wajen kama haske. A ma'aunin da masu sana'a ke amfani da shi, fim na yau da kullum yana kan lamba 100, ita kuwa takarda tana tsakanin 3 da 6. Wato hasken da zai ishi fim, sai an ninka shi sau 16 zuwa 32 kafin ya ishi takarda. Ƙari a kan haka, babbar kyamara in za ta ɗauki fuska daga kusa, dole a nisanta idon daga takardar, ko dai a ja zuga-zuginta, ko a zame allon ciki baya, kuma duk nisan da aka ƙara, haske raguwa yake. In aka kai ga ɗaukar abu daidai girmansa, kashi ɗaya cikin huɗu na hasken ne kawai ke isa.

Mai hoto ba shi da inda zai samo wannan haske sai wurin rana, kuma ba shi da abin da zai biya da shi sai lokaci. Shi ya sa ake ce maka kada ka motsa, kada ka ƙifta, na daƙiƙa ɗaya ko biyu, wani lokaci fiye. Yaran yanzu kan kalli hoton kakansu su ce, kai, tsohon nan bai san dariya ba ne? Akwai dattako a ciki, ba musu, domin a wancan zamani magidanci ba ya yashe haƙora a gaban baƙo. Amma gwada riƙe murmushi cak na daƙiƙa uku ka gani. Wanda ya gwada, bakinsa ne zai fito a dame.

Tsakiyar rana ma ba ta yi, don tana sa mutum ya runtse, ta kuma zuba inuwa a ramin ido da ƙarƙashin hula. Inuwa mai haske ake nema, gefen bishiya ko gefen bango, a rataya baƙin ƙyalle a baya. Hazon hunturu abokin mai hoto ne, yana tausasa rana. Damina kuwa, musamman irin tamu ta nan gindin Zuma da ta fi ta Kano tsawo da nauyi, hadari na haɗowa ciniki ya tsaya. La'asar sakaliya na yi, sai a naɗe ƙafafun akwati. Wanda motarsa ta iso da magariba yana neman hoton fasfo, sai dai ya kwana.

Akwai kuma wani hali na takardar da ya shafe mu kai tsaye. Shuɗi take gani sosai, ja kuwa makauniya ce a kansa, duk abin da yake ja baƙi take mayar da shi. Jar dara ta fito baƙa. Lalle ya fito baƙi. Bakin da ya sha goro ya fito kamar an shafa masa shuni. Fatarmu kuma, da yake akwai ja-ja a cikinta, sai ta fito ta fi yadda take duhu, ko da mutum wankan tarwaɗa ne. In mai hoto ya ƙara lokaci don fuska ta fito, farar babbar riga ta ƙone, aikin aska takwas da aka kashe wa kuɗi ya ɓace ɓat. In ya rage don ya ceci rigar, fuska ta nutse. Gwanintar mai hoto duk a nan take. Wasu kan gyara dodon da fensir kafin ɗauka ta biyu. Masu akwatin Afganistan an san su da shafa jan launi a fuskar dodon: tunda takarda ba ta ganin ja, wurin sai ya fito da haske a hoton ƙarshe. Saboda haka in an ce maka kakanka baƙi ne ƙirin don haka hoto ya nuna, kada ka yi saurin rantsuwa.

To ina filas a duk wannan? Ai ya daɗe da samuwa a duniya. A 1887 wasu Jamusawa biyu, Adolf Miethe da Johannes Gaedicke, suka haɗa hodar walƙiya, wadda ake cinna wa wuta ta tashi fau kamar albarushi, ta cika ɗaki da hayaƙi, wani lokaci ta ƙona mai hoton. Wajen 1930 aka fito da ƙwan filas, wanda ake kunnawa sau ɗaya a yar. A shekarun 1930 ɗin ne kuma Harold Edgerton a Amurka ya inganta walƙiyar lantarki da ake maimaitawa, kakar duk filas ɗin da muke gani yau. Kuma da za a tambayi takarda, filas ne mijinta. Haskensa fari ne mai shuɗi-shuɗi irin na rana, wanda take so, ba kamar ƙwan lantarki mai ja-ja ba, wanda zai gasa mutum da zafi ita kuwa da ƙyar ta san an kunna shi. Ga shi walƙiyar ba ta kai ƙiftawar ido ba, babu sauran zancen kada ka motsa. Ko abin dannawa ba a buƙata: a rage hasken ɗaki, a cire murfi, a harba filas, a mayar da murfi.

Matsalar ita ce ƙarfi. Ɗan filas na saman kyamara mai batir ba ya ko gezau da takarda. Sai manyan fitilun situdiyo, masu lema, waɗanda ke shan wuta daga bango, a kuma matso da su dab da fuska. Mai akwatin gindin bishiya ina ya ga kuɗinsu, ina kuma ya ga soket? Madatsar Kainji sai 1968 ta fara aiki, NEPA sai 1972 aka kafa ta, Shiroro da ke jiharmu sai 1990. Kafin wuta ta wadata a shaguna, masu hoto sun riga sun koma ƙananan kyamarori masu fim irin su Yashica da Rolleiflex, waɗanda ɗan haske ke isarsu. Da irinsu Malick Sidibe ya bi gidajen rawa na Bamako da dare yana walƙa wa samari filas, haka Philippe Koudjina a Yamai. Akwati da filas dai saɓani suka yi a hanya: lokacin da akwatin ke neman haske babu filas, da filas ya iso akwatin ya tsufa.

A garin nan abin ya zo da sauri. A Fabrairun 1976 gwamnatin Murtala ta tsai da shawarar gina sabon babban birni, aka ɗauki sunan Abuja aka ba shi, garinmu ya koma Suleja. Hukumar gina birnin a nan ta fara yada zango, shi ne asalin sunan Field Base. Leburori, da magina, da direbobi, da masu abinci suka yi ta kwararowa, kowa kuma sai da hoto: na katin aiki, na lasin, na makaranta, na aika wa gida a ga an samu wuri. Wannan kasuwa shagon hoto mai labule da furen roba da lemar filas ne ya cinye ta. A nan aka fara ganin hoton dare, da hoton ango da abokansa, da 'yan mata a jere ranar Sallah, da dariya. Daga baya hoto mai kala ya shigo, ga kyamarar Polaroid mai fito da hoton fasfo nan take, sai na dijital. Akwatin katako ya rasa ko da cinikin fasfo ɗin da ya rage masa.

Abin mamaki, yau a Turai da Amurka akwai masu hoto da suka koma wa babbar kyamara da dodon takarda, saboda fim mai girman inci 8 da 10 ya yi tsada. Su ne suka ɗaura auren da bai yiwu ba a nan: suna haɗa takarda da manyan fitilun situdiyo. In tukunya ce ko fure ake ɗauka, sukan harba filas sau biyu ko huɗu a duhu don haske ya taru. In mutum ne, harbi ɗaya ne, mai ƙarfin da sai ya ga taurari. Har duhun fatar da kakanninmu ba su zaɓa ba, su yanzu ado suka ɗauke shi.

Dodannin Alonge suna ajiye, har an baje kolinsu a Washington a 2014. Na Keita dubbai ne suka tsira. Na mai akwati kuwa ba a ajiye su ba, domin da ya miƙa maka hotonka, dodon ya gama aiki, sai kwata ko juji. Saboda haka ɗan hoton da ke cikin adakar gidanku ba shi da na biyu a duniya. Ga shi kuma a bokiti ɗaya aka ɗauraye shi tare da na mutum hamsin, maganin bai fita duka ba, shi ya sa yake yin rawaya yana dusashewa daga gefe. Danshin daminarmu da gara da kyankyasai suna ƙarasa sauran. Wanda ke da irinsa ya cire shi daga leda, don leda na tara gumi. Kada a kai shi a liƙe da roba mai zafi, in an liƙe ba ya ɓantaruwa. A sa shi cikin farar takarda a wuri busasshe, a rubuta sunan mai shi da garin da ya fito a baya, da fensir ba biro ba, tun tsofaffin da za su gane fuskar suna raye. In za a ɗauke shi da waya, a fita da shi inuwa mai haske da hantsi, a kashe filas ɗin wayar, domin walƙiyar kan dawo daga fuskar takardar ta rufe idanun mai hoton.