Tarihin Maiƙo Mai Caji da Tantanin Ƙwayar Halitta

Tun da masu nazarin halitta suka tabbatar cewa jikin kowane mai rai da ƙananan ƙwayoyi aka gina shi, kowace ƙwaya kuma tana lulluɓe da tantanin da ido ba ya riskarsa, mas'alar da ta fi shagaltar da su ita ce dalilin da ya sa wannan tantani yake yi wa wani abu izinin shiga, ya haramta wa wani. A ƙarshen ƙarni na 19 Charles Overton ya lura a Zurich cewa abin da ke narkewa cikin mai ya fi saurin ratsa shi; a 1925 kuma Gorter da Grendel, bayan sun tatsi maiƙon jajayen ƙwayoyin jini sun auna faɗinsa a Leiden, suka yanke hukuncin cewa tantanin ninki biyu ne na maiƙo.

Amma hujjar hankali tana bukatar shaidar gwaji, shaidar kuwa ta zo ta hannun Alec Bangham na cibiyar Babraham kusa da Cambridge, wanda ya gano cewa lesitin, maiƙon da ke cikin kwanduwar ƙwai, idan aka girgiza shi da ruwa yakan dunƙule ya zama 'yan jakunkuna rufaffu masu kamanni da tantanin halitta, waɗanda aka laƙaba wa suna lifosom. A 1965 shi da Standish da Watkins suka bayyana cewa ruwa da kuloraid suna ratsa su cikin sauƙi, alhali sodiyam da fotasiyam, masu caji na alamar tarawa, da ƙyar suke wucewa. Idan kuma aka gauraya kashi 5 cikin 100 na maiƙo mai irin wannan caji, sai hanya ta toshe musu ƙaf, domin caji yakan kori jinsinsa, ya jawo kishiyarsa.

Wannan ƙa'ida ce Philip Felgner ya juya zuwa ga manfa'a a Kalifoniya a 1987, yayin da ya haɗa maiƙon DOTMA wanda, saboda cajinsa na tarawa, yake rungumar DNA mai cajin ɗebewa, ya manne wa tantanin ƙwaya, ya shigar da amanar da ya ɗauko. Illarsa ita ce ƙarfin da ke buɗe tantani shi ne ke yaga shi, har ƙwayar ta halaka. Magani ya samu ne daga binciken Pieter Cullis da abokansa a Vancouver, inda aka ƙera maiƙon da ba ya nuna caji cikin jini, sai ya isa muhalli mai tsami a cikin ƙwaya. Da irinsa aka yi maganin Onpattro a 2018, da alluran rigakafin korona na Moderna da Pfizer a 2020. Kuma haƙiƙa sai da masana suka koyi iyakance wa cajin lokacinsa da wurinsa, sannan aka amince da shi a matsayin magani ga ɗan Adam.